Bargar hanyar Ɗambatta: Bidi da shirin kilomita 40

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

To bismillah. Ina buƙatar wurin ajiye lissafin barga don littafin da ke hannun yaron barga rabinsa lambobin waya ne, shi ya sa zan riƙa rubutawa a nan. Abin da ke turke a yau: goɗiya uku, ingarma ɗaya, dukushi ɗaya ɗan wata goma sha takwas. Ingarman shi ne Akawal, jinin Sudan, shi ke kawo kuɗin barbara kuma shi baƙi ke tsayawa ɗauka a waya. Goɗiyoyin akwai Aharas mai tsohon ciki, an hau ta a Janairu don haka wata goma sha ɗayan zai faɗa tsakiyar Disamba in Allah ya yarda, akwai tsohuwa Kili da yanzu sai ci da kwanciya, sai kuma Bidi, 'yar Arewa tsantsa, shekara bakwai, gajera, ba wani kyan gani, bana an kai ta wurin Akawal ba ta ɗauka ba.

Tunda ba ciki ban ga dalilin da za ta shekara tana cin harawa a banza ba, sai nace bari in gwada ta a tseren dogon zango, irin wanda ake yi a Dubai da Abu Dhabi doki ya ci kilomita 120 ko 160 a yini ɗaya. Ba sukuwa ba ce irin tamu ta filin sukuwa da minti biyu an gama. Ana raba hanyar zagaye zagaye, duk ƙarshen zagaye likita zai tare dokin ya saurari zuciyarsa, a dokar FEI, hukumar wasannin dawaki ta duniya, sai bugun ya sauko 64 a minti ko ƙasa da haka cikin minti 15 (minti 20 a zagayen ƙarshe), sannan a ja shi ya yi sassarfa a gaban likita a ga ko yana ɗingishi. In bai wuce ba an cire ka, ko da kai ka riga kowa isowa. Amurkawa suka fara shi a wannan tsarin, tseren Tevis Cup tun 1955, mil 100 cikin awa 24 a duwatsun Kalifoniya. Dawakin da ke cinyewa kusan duk jinin Larabawa ne, amma sayen irin wannan a wurina linzami ya fi ƙarfin bakin kaza, da abin da ke gida za mu fara.

Mun yi magana da abokai masu dawaki, za mu haɗa namu ƙarami, kilomita 40, zagaye biyu na 20, da likitan dabbobi da agogo, ranar 22 ga Fabrairu kafin azumi ya shigo. Akawal ma zai shiga horon, yaro zai hau shi ni in hau Bidi. Baba mai kula da bargar da na gaya masa sai da ya ajiye tsintsiya ya dube ni, yace "Alhaji, goɗiya za ka hau a gaban mutane?" Nace Baba ita. Yace to Allah ya kyauta.

Alhamis, 14 ga Nuwamba

Maigatari. Na je ganin farashi ne da sayen kanwa, ba da niyyar sayen doki ba, kuma gara da ban je da niyyar ba. Sefa ta yi tsada, duk dabbar da ta tsallako daga Nijar sai dillali ya fara buga maka lissafin canji a waya kafin ya faɗi kuɗi. Wata goɗiya danda da ta burge ni, ƙafafu a miƙe kofato mai tauri, kuɗin da aka sa mata shekara biyu baya dawaki biyu zai saya. Amma wannan daɗi ne a wurina ta wani gefen tunda ina da dukushin sayarwa.

A hanyar dawowa na tsaya na yi cinikin harawa, yanzu ne lokacinta kafin rani ya tsananta ta ninka. Harawar gyaɗa buhu 60 a kan 4,000, harawar wake dami 80 a kan 1,500, gero buhu 3 a kan 68,000, dusar alkama buhu 6 a kan 17,000, kanwa da gishiri 14,000, mota da lodi 45,000. Jimla 725,000. Na zauna a mota na sake bugawa don ban yarda ba, haka ɗin ne.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

An yanke wa duka kofato, an ba su maganin tsutsar ciki banda Aharas, likita yace a bari nata sai ya zo da kansa. An cire kaska a kunnen dukushi da ƙarƙashin wutsiya. Fitar farko kilomita 6 a burtali, tafiya zalla ba sassarfa.

Asabar, 23 ga Nuwamba

Na sayi abin sauraron ƙirji irin na asibiti a Sabon Gari 6,500, likita ya nuna mana inda ake ɗora shi, bayan gwiwar ƙafar gaba ta hagu daidai inda majayi ke bi, ka ƙirga na daƙiƙa 15 ka ninka huɗu. Da asuba kafin a ba su komai Bidi 36, Akawal 42, duka lafiya ne don doki a huce tsakanin 28 da 44 yake.

Mun yi kilomita 10, rabi tafiya rabi sassarfa, wayata ta nuna matsakaicin gudu kilomita 9 a awa. Da muka sauka Bidi 68 Akawal 84. Bayan minti goma Bidi ta koma 48, shi kuwa yana 70 yana huci yana haniniya yana neman goɗiya, ko tsayawa a saurare shi ba ya so. Baba yace ai ƙarfi ne ya yi masa yawa. Ni kuma abin da na gani kitse ne, Akawal in ka shafa haƙarƙarinsa ba ka jin ƙashi ko ɗaya, haka muke son dokin hawa, wuya ya cika gindi ya yi faɗi kaya su zauna masa, amma duk wannan naman shi zai ɗauka ya yi ta tafiya da shi kuma shi ke riƙe zafi a jiki. Bidi da ake raina wa rama ita iska ke ratsawa.

Na cire mata linzamin gargajiya na sa mata mai sauƙi irin na 'yan folo. Namu mai zobe da harshen ƙarfe an yi shi ne don zamiya, ka ja doki ya tsaya cak a gaban sarki, amma awa uku da shi a baki ba za ta iya shan ruwa ko tsinkar ciyawa a hanya yadda ya kamata ba. Sirdi ma na samu na hannu wurin wani mai kula da dawakin folo, 85,000, bai kai rabin nauyin namu ba.

Asabar, 30 ga Nuwamba

Sati lafiya, fita kwana ɗaya hutu kwana ɗaya. Yau kilomita 14. Hazo ya sauko sosai, ana jiƙa harawa kafin a zuba don ƙura, Kili ta fara tari. Masu babur a hanyar dam ɗin Tomas sun yi ta min ihu wai Alhaji an rasa doki ne.

Asabar, 7 ga Disamba

Labari ya karaɗe cewa UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya a taronta na Paraguay a satin nan, kowa a guruf ɗinmu na WhatsApp sai turo hotonsa yake da rawani. Abin alfahari ne wallahi, ni ma na tura nawa. Sai dai na ce musu kar mu manta dawakin da kakanninmu suka yi hawa da su ba na ado ba ne, dawakin yaƙi ne da na manzanni masu tafiya Kano zuwa Sakkwato, juriya aka sani da su. Yanzu in ka duba yadda muke zaɓen ingarman barbara, tsayi da launi da cikar wuya kawai ake tambaya, ba wanda ya taɓa kawo min goɗiya ya tambaye ni Akawal awa nawa yake iya tafiya. Wani yace to mai saye ma ai ba ya tambaya. Gaskiyarsa ne, kuma shi ya sa ban sayar da Akawal ba, shi ke ciyar da sauran.

Yau kilomita 16, zuciyar Bidi ta sauko 52 cikin minti bakwai. Na rage wa Akawal gero zuwa rabi na ƙara masa harawa, Baba bai ce komai ba amma fuskarsa ta faɗa.

Talata, 17 ga Disamba

Alhamdulillahi Aharas ta haihu, mace, jar dukusa mai farin goshi.

A nan dole in sara wa Baba. Tun ranar Lahadi ya kira ni ya nuna min hantsarta ta cika, kan nonon ya yi wani danƙo, naman gefen wutsiya ya saki, yace ba za ta wuce kwana biyu ba kuma da dare za ta yi. Ya kwashe shimfiɗarsa ya dawo bakin ɗakin. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna ya buga min waya yace ruwa ya fashe, kafin in sa takalmi in fito daga ɗakin gona ƙafafun gaba sun leƙo, ɗaya ta ɗan riga ɗaya, hanci a kansu, yadda ake so kenan. Minti ashirin ba a cika ba ta faɗo. Goɗiya ba ta jan naƙuda, likita ya riga ya gargaɗe mu in an wuce rabin awa ana yunƙuri ba ci gaba to a kira shi ko ƙarfe nawa ne.

Ƙa'idar da ya ba mu mai sauƙi ce, awa ɗaya ɗan ya miƙe, awa biyu ya kama nono, awa uku mahaifa ta faɗo. Na farko ta cika, ta miƙe tana tangaɗi ta faɗi ta sake. Na biyun ne ya tayar mana da hankali, Aharas haihuwar fari ce, duk sanda 'yar ta kai baki sai ta tsuke ta juya har ta ɗaga ƙafa za ta yi harbi. Kuma nonon farkon nan dakashi shi ne duk garkuwar jikin ɗan doki, ba ya samun garkuwa tun daga cikin uwa, in ya wuce awannin farko bai sha ba hanjinsa ya daina ɗauka. Baba ya sa yaro ya riƙe ragama ya manna ta da bango, shi ya ɗaga mata ƙafar gaba ɗaya, ni na tatsa kaɗan a kofi don hantsar ta yi sauƙi na shafa a bakin 'yar, da ƙyar dai wajen ƙarfe huɗu da rabi ta kama, tana kamawa uwar ta sauke numfashi ta fara lasarta shikenan. Mahaifa ta faɗo kafin kiran sallah, mun ajiye a bokiti, likita ya zo da safe ya shimfiɗa ta a ƙasa ya duba ba guntun da ya rage a ciki. An tsoma cibiya a aidin, an yi allurar tetanus uwa da 'ya. Likita da magani 38,000. Baba na ba shi 20,000 tukwici yace ya yi yawa ya sa a aljihu.

Alhamis, 26 ga Disamba

Aharas ta nuna alamar neman namiji, dama haka suke yi kwana bakwai zuwa goma sha biyu bayan haihuwa. Baba na so a kai ta, ni na fi so a bari zagaye na gaba ta ƙara murmurewa, sati uku ne kawai. 'Yar ta ɗan yi zawo ya tsaya da kansa. An kawo goɗiya biyu daga Kazaure don barbara, 40,000 kowacce. Bidi ta yi kilomita 20 ranar Talata, lafiya lau.

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Yau ba daɗi. Akawal ya kusa tafiya.

Tun Alhamis ba a fita da shi ba, akwai biki a dangi duk muna cikin gari, yaro ma ya je gida. Da aka ga ya yi aikin barbara kuma sanyi ya yi yawa sai aka mayar masa da geronsa cikakke har da ƙari, don tausayi, yana ɗaure a turke ba motsi. Yau da safe muka fita, ba mu yi kilomita uku ba yaro ya kira ni daga baya, "Yallaɓai dokin nan ya ƙi tafiya." Na juyo na ga takunsa na baya ya gajarce yana jan ƙafa, gumi na zuba a wannan sanyin, naman cinyarsa da na gindi na taɓa ya yi tauri yana rawa. Zuciya 88 kuma ba ta sauka. Yaro zai sa masa bulala nace kul, sauka.

Na kira likita na kwatanta masa, yace kar a matsa da shi ko taku ɗaya, a rufe masa baya da bargo a nemo mota. Wani mai rake a gefen hanya Allah ya saka masa shi ya ara mana buhuna muka lulluɓa masa. Samun motar da za ta shiga burtali ta ɗauki doki ya ci awa biyu da 30,000, loda shi kuma sai da mutanen ƙauye suka taimaka aka samu tudu motar ta ja baya. Muna isa gida ya yi fitsari, kamar baƙin shayi. Likita ya kalla yace to ga shi nan, naman jikinsa ne ke narkewa yana bi ta ƙoda, hatsi da yawa ba aiki sannan a tashe shi kwatsam shi ke kawo wannan, kuma abin tsoron ƙodar ce. Ya sa masa ƙarin ruwa ta jijiyar wuya, leda bayan leda har na daina ƙirgawa, sai da ruwa ya shiga sosai sannan ya yi allurar rage ciwo don yace in ka yi ta a busasshen jiki kai ma ka ƙara wa ƙodar aiki. Ya ɗebi jini zai kai gwaji.

Wani maƙwabci ya zo yana cewa a ɗura masa kanwa da man gyaɗa a zagaya da shi gari ya warware, wai haka ake yi wa ciwon ciki. Likita yace wannan ba ciwon ciki ba ne, kuma ɗurar ma in ta bi ta huhu wata masifar ce. Baba duk yinin nan yana tsaye riƙe da ledar ruwa a kan sanda bai ci abinci ba. Da magariba ya same ni yace "Alhaji, shekara arba'in ina ba doki gero." Nace na sani Baba, dawakin da ka yi wa hidima kullum suna kilisa safe da yamma, wannan kwana huɗu ya yi a tsaye. Muka tsaya a kan za a rubuta awon kowane doki a jikin bango da gawayi, ranar da ba fita rabin hatsi, ko waye ke nan ko ba ya nan.

Yau kaɗai: mota 30,000, ruwa da allurai 96,000, likita 25,000, gwajin jini 18,000.

Alhamis, 9 ga Janairu

Fitsari ya washe tun jiya, yana cin harawa, ana jansa a hannu minti goma. Ba gero sam. Likita yace a manta da shi a maganar 22 ga Fabrairu, barbara ma a dakata. Na mayar wa mutum ɗaya kuɗinsa. Aharas kenan ita ma sai ta jira.

Asabar, 18 ga Janairu

Na sayar da dukushi. Ban so yanzu ba, niyyata sai gab da sallah lokacin da masu hawa ke rububi, amma ciwon Akawal ya cinye abin da na ware kuma famfon sola na rijiya ya fara wasa, dawaki biyar kowanne na shan lita 30 zuwa 40 a rana, mai shayarwa ta fi haka, ba abin da za ka saya wurin 'yan garuwa ba ne. Wani Alhaji daga Katsina ya turo yaronsa da dillali, aka yi ta ja tun hantsi, sun buɗe baki sun duba haƙori sun ɗaga ƙafa huɗun, an tsaya 1,150,000, dillali ya ɗauki la'adarsa 50,000. Gyaran famfo 140,000.

Bidi ita kaɗai take fita yanzu kuma ta fi natsuwa ba ingarma a bayanta. Kilomita 25 yau cikin awa biyu da minti ashirin. Abin da ya rage ta koyi sha a hanya, in na kai ta bakin ruwa sai ta shinshina ta ɗaga kai.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Kilomita 30, mafi tsawo da za mu yi kafin ranar. Na bi rabin hanyar da za a yi tseren, akwai wajen kilomita huɗu na yashi mai zurfi a gindin rafi, nan sauka na yi na ja ta, yashi irin wannan shi ke tsinka jijiyar ƙafa in ka matsa. A kilomita 18 ta sha, ta sha sosai, wurin masu ban ruwan albasa. Doki mai aiki a zafi yana iya zubar da lita goma zuwa sha biyar na gumi a awa kuma guminsa da gishiri yake fita, don haka tun sati biyu ina sa mata cokali biyu na gishiri a jiƙaƙƙiyar dusa, ƙila shi ya taimaka.

Mun sake ƙaramar muhawara da Baba a kan wanka. A wurinsa doki mai gumi ba a zuba masa ruwan sanyi ba a ba shi sha sai ya huce. A wannan wasan kuwa da ka sauka ake cire sirdi a yi ta kwara ruwa a wuya da ƙirji da cikin cinyoyi inda manyan jijiyoyi suke, shi ke saukar da zuciya. Na ba shi abin sauraron nace ya ƙirga da kansa, kafin ruwa 72, bayan bokiti huɗu 56. Ya cire daga kunne yace a ƙaro bokiti.

Laraba, 12 ga Fabrairu

An rage aiki, 10 zuwa 12 kawai. An gyara kofato yau don kar ya zama sabon yanka ranar. Ba zan sa mata takalmi ba, hanyar ƙasa ce kuma kofatonta bai taɓa tsagewa ba. Karo-karo 25,000 kowa, na likita da ruwa da man babura masu bin hanya. Dukusa ta fara sa baki a dusar uwarta.

Lahadi, 23 ga Fabrairu

An yi jiya. Dawaki tara suka zo, likita ya cire ɗaya tun kafin a tashi saboda ciwon baya a wurin sirdi, mai shi ya yi fushi ya loda ya tafi. Goɗiya ɗaya ce a fili, tawa, an sha dariya, wani yace in ta gaji in sauka in goya ta.

Mun tashi bakwai saura kwata. Sharaɗin da muka ɗauko daga dokar masu farawa shi ne kar a wuce kilomita 16 a awa, amma ana cewa bismillah mutum huɗu suka saki linzami sai ƙura. Bidi ta so bi, na sha fama da ita kilomita biyun farko hannuna har yanzu ciwo yake, daga baya ta kama sassarfarta. Na iso ƙarshen zagayen farko na shida, awa ɗaya da minti 35. Baba da yaro na jira da bokitai, minti huɗu muka shiga wurin likita, 56, dasashi ja mai kyau, fatar wuya in an ja tana komawa nan take, ciki na kuka ta ko'ina, sassarfa lafiya. Su kuwa na gaba da suka riga ni da kusan minti ashirin na tarar da biyu har lokacin suna tsaye ana musu firfita, wani babban ɗan Sudan kyakkyawa minti 15 suka cika yana 76, likita yace ya fita. An yi hayaniya, mai dokin yace dokinsa ko gajiya bai yi ba a dube shi yana tsalle, likita ya miƙa masa abin sauraron yace Alhaji ji da kunnenka. Ɗayan ya sauko amma yana ɗingishin ƙafar gaba, yashin rafin nan ne na tabbata. Hutun minti 40 da ake yi tsakanin zagaye da zagaye yana fara ƙirguwa ne daga sanda zuciya ta sauko, don haka na fita zagaye na biyu ina na uku.

Zagaye na biyu rana ta fito, nan na ji jikina ni ma, gwiwoyi da baya. Ta sha sau biyu. A kilomita 33 na ji ta fara nauyi, kunnuwa sun kwanta, na sauka na yi tafiyar ƙafa da ita kusan kilomita ɗaya ta tsinki ciyawa sannan ta dawo. Mun wuce mutum ɗaya a nan. Na gaban wani abokina ne a kan doki jinin Talon, siriri, shi ma ya yi horo tun Disamba bai gaya wa kowa ba, ban ko hango ƙurarsa ba. Mun gama na biyu, lokacin tafiya awa uku da minti 20, zuciya 60 a minti na tara. Biyar suka kammala cikin takwas.

Sai da aka cire sirdi na ga majayi ya goge ta a bayan gwiwar dama, fata ta saluɓe faɗin yatsa biyu, gumi da yashi suka taru a wurin. Likita ya wuce da ita amma yace da kilomita 60 ake yi da bai bari ta ci gaba ba. Yau da safe ƙafafun baya sun ɗan cika, an zagaya da ita sun sauka, ta cinye harawarta tas. Mutum biyu sun tambayi ko ta sayarwa ce, ɗaya cikinsu shi ne mai maganar goyo.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Lissafi daga Nuwamba: abin da ya shigo 1,180,000, dukushi da barbara. Abin da ya fita banda albashin Baba da yaro ya haura 1,250,000, in an sa albashi gara kar a faɗa. Harawar gyaɗa saura buhu 19, ba za ta kai damina ba kuma yanzu 6,500 ake faɗi.

Ana sa ran azumi Asabar ko Lahadi. Bidi hutu sati uku sai ciwon majayi ya rufe, na ba wani baduku aikin ɗinka wa majayin rigar fatar tunkiya, bayan haka kilisa kaɗan bayan la'asar. Ba zan yi dogon zango a zafin Afrilu da Mayu ba, na gaba sai ƙarshen shekara in Allah ya kai mu, muna maganar 60, zagaye uku. Akawal an sake ɗibar jininsa ya dawo daidai, likita ya yarda a kai masa Aharas in ta nema a sati mai zuwa. Abin da ban yanke ba shi ne Bidi, in aka hau ta bana ba tsere a Disamba, in ba a hau ta ba shekara biyu kenan ba ɗa, kuma ko za a hau ta ɗin ba Akawal nake so ba, Talon ɗin abokina nake so. Na tura masa saƙo tun jiya ya karanta bai ba da amsa ba, gobe bayan Juma'a zan same shi a gida.